Darasi na Tara: Kare Gyada daga Ƙwayoyin Cuta a Lokacin Sarrafa Ta

MANUFOFIN DARASI

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Faɗin mece ce bakteriya da yadda take shiga gyada.
2. Bayyana dalilin da ya sa busasshen abinci ma yake iya sa mutum ciwo.
3. Nuna matakin da ke kashe ƙwayoyin cuta a aikin gyada.
4. Lissafa hanyoyin kare gyada bayan an soya ta.
5. Bambance haɗarin bakteriya da haɗarin fumfuna.

GABATARWA

Da wuya a wayi gari a ƙasar Hausa ba a ci gyada ba. In ba a sha kununta da safe ba, an ci miyarta da rana, ko a barbaɗa yajin ƙuli a kan tsire da daddare. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyada ta zama babbar hajar Arewa, har attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shahara da jera buhunanta a yi dala. Yau babu dalar, amma sana'ar tana nan a hannun mata masu ƙuli-ƙuli da mai, da masu injin markaɗe, da dillalan kasuwar Dawanau. Ta kuma bi mutanenmu zuwa ƙetare. A birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, inda 'yan Nijar da yawa suka zauna, ana dafa miyar gyada ana yin yaji kamar a Maraɗi. Jihar kanta tana cikin jihohin da ke noman gyada a ƙasar.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa abin da ya bushe, aka kuma soya shi, ba ya cutarwa. Wannan darasi zai nuna inda wannan zato ya yi daidai da inda ya kauce. Abin da za a faɗa a kan gyada ya shafi riɗi da aya da kashu.

1. MECE CE BAKTERIYA?

Bakteriya halitta ce mai rai, ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Tana cikin ƙasa da ruwa da jikin mutum da na dabba. Yawancinta ba ta da illa, wata ma tana da amfani, domin ita ce ke mai da madara kindirmo. Amma akwai masu sa ciwo. Wadda ta fi damun masu sarrafa gyada a duniya ita ce salmonela.

Salmonela tana zaune a hanjin kaji da tsuntsaye da ɓeraye da ƙadangaru da dabbobin gida, tana fita cikin kashinsu. Idan mutum ya haɗiye ta, ciwon yakan bayyana tsakanin awa 6 zuwa kwana 6: zawo, zazzaɓi, murɗar ciki, wani lokaci da amai. Mai ƙarfin jiki yakan warke cikin kwana 4 zuwa 7. Ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu da masu fama da wata cuta su ne ciwon yake kayarwa, har ya kai ga rasa rai. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, gurɓataccen abinci yana sa mutum miliyan 600 ciwo a duk shekara, 420,000 suna mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Abin lura: gyadar da ke ɗauke da salmonela ba ta canza launi, ba ta wari, ɗanɗanonta ba ya sauyawa. Ba a gane ta da ido ko da harshe.

AKWATI NA 1: MUHIMMAN KALMOMI
Bakteriya: ƙaramar halitta mai rai da ido ba ya gani, mai yaɗuwa ta hanyar rabuwa gida biyu.
Salmonela: bakteriyar da ke fitowa daga kashin dabba ko na mutum, tana sa zawo da zazzaɓi.
Gurɓata: shigar ƙwayar cuta ko guba ko datti cikin abinci.

2. BUSHEWA BA TA KASHE ƘWAYAR CUTA

Bakteriya tana buƙatar abu uku kafin ta hayayyafa: abinci, ɗumi da danshi. Gyada abinci ce mai kyau a gare ta, ɗumi kuwa ƙasarmu ba ta rasa shi. Abu ɗaya da busasshiyar gyada ta hana ta shi ne danshi. Saboda haka a cikin busasshiyar gyada salmonela ba ta ƙaruwa.

Sai dai rashin ƙaruwa ba mutuwa ba ne. Halinta irin na gaiwa ne, wadda ke shigewa cikin taɓo ta kwanta duk tsawon rani, da damina ta sauka sai ta farka. An gwada an ga salmonela tana rayuwa wata da watanni a cikin markaɗaɗɗiyar gyada. Ranar da ruwa ya taɓa ta, sai ta ci gaba da haihuwa.

Akwai ƙarin abu biyu da ya kamata mai sana'a ya sani. Na farko, idan salmonela ta bushe cikin mai, zafi ba ya saurin kashe ta. A naman kaza mai danshi, zafin digiri 74 ya isa. A markaɗaɗɗiyar gyada kuwa, an ga wasu ƙwayoyin sun tsira bayan fiye da rabin awa a zafin digiri 90. Na biyu, man gyada yana lulluɓe ƙwayar, ya tsallakar da ita ruwan tsamin da ke cikin tumbin mutum. Shi ya sa ƙwayoyi kaɗan a abinci mai maiƙo suke iya kwantar da mutum.

MISALI NA 1: Kunun gyadar suna

Wata uwargida ta markaɗa gyada da ruwa da ƙarfe 7 na safe domin kunun suna. Baƙi suka ɗauke mata hankali, ƙullun ya zauna a rana har ƙarfe 11. A ce ƙwayoyi 100 ne a ciki tun farko. Idan ɗumi da danshi sun yi mata daidai, bakteriya tana iya ninkuwa duk bayan minti 20, wato sau uku a awa.

Ƙarfe 7: 100
Ƙarfe 8: 800
Ƙarfe 9: 6,400
Ƙarfe 10: 51,200
Ƙarfe 11: 409,600

Da gyadar tana bushe a buhu, da 100 ɗin nan ba su ƙaru ba. Ruwa ne ya canza lissafin. Ƙa'idar ita ce: duk gyadar da aka jiƙa, a ɗora ta a wuta nan take, ta tafasa sosai, a kuma sha da zafi.

3. ABIN DA YA FARU A AMURKA

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙananan masu sana'a ce kawai. Manyan masana'antu ma ta kama su.

A 2006 zuwa 2007, fiye da mutum 600 a jihohi 47 na Amurka sun kamu da salmonela daga markaɗaɗɗiyar gyada ta shafa wa burodi mai suna Peter Pan, wadda kamfanin ConAgra ke yi a garin Sylvester na jihar Jojiya. Kamfanin ya ce rufin masana'antar ne ya yi yoyo, sannan bututun ruwan kashe gobara ya samu matsala, danshi ya shiga wurin aiki. Daga baya shari'a ta ci shi dala miliyan 11.2.

Wanda ya fi muni ya zo a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009. Kamfanin Peanut Corporation of America, mai hedikwata a Lynchburg ta jihar Bajiniya, maƙwabciyar Karolina ta Arewa, yana da masana'anta a garin Blakely na Jojiya. An tabbatar mutum 714 a jihohi 46 sun kamu, kusan rabinsu yara, mutum 9 suka rasu, ɗaya daga cikinsu a Karolina ta Arewa. Masu bincike sun tarar da yoyo da kyankyasai da ƙazanta a masana'antar. Sun kuma gano cewa gwajin kamfanin da kansa ya sha nuna akwai salmonela, amma aka yi ta tura kaya kasuwa. Da yake wasu kamfanoni suna sayen markaɗen suna zuba shi a biskit da alewa da askirim, sai da aka janye kaya iri-iri fiye da 3,900 daga kantuna. Kamfanin ya durƙushe a Fabrairun 2009, kuma a Satumban 2015 kotu ta ɗaure shugabansa Stewart Parnell shekara 28. Wannan masifa tana cikin abubuwan da suka sa Amurka ta yi sabuwar dokar kiyaye abinci, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a Janairun 2011, mai tilasta wa masana'antu su tsara rigakafi tun kafin wani ya kwanta ciwo.

A dukan wuraren biyu ana soya gyadar. Duk da haka cuta ta fita, domin danshi da ƙazanta sun samu hanyar shiga wurin aiki. Haka kuma, mai markaɗe ɗaya ya gurɓata kayan ɗaruruwan masu sana'a da suka dogara da shi. Duk unguwar da ke kai gyada inji ɗaya ta riƙe wannan.

4. ƘOFOFIN DA ƘWAYAR CUTA KE SHIGA

A gona: Gyada a cikin ƙasa take girma. Ɗanyen takin kaji ko na dabbobi da bai ruɓe ba yana iya barin ƙwayoyi a jikin ɓawo.

Wajen shanya: Shanya a ƙasa ko a gefen kwalta tana ba kaji da awaki da tsuntsaye da ƙadangaru dama. A shanya a kan tamfol ko dandamali mai tsabta, a killace wurin, a kwashe kafin raɓa ta sauka.

Wajen ɓara: Wasu suna yayyafa wa gyada ruwa domin ɓawon ya yi laushi, ko domin ta yi nauyi a sikeli. Wannan yana tayar da bakteriya, yana kuma kawo fumfuna.

A ɗakin ajiya: Ɓera da yoyo su ne manyan abokan gaba. A ɗora buhu a kan katako, a bar tazara tsakaninsa da bango, a toshe ramuka. Kada a zuba gyada a buhun taki ko na abincin kaji.

A mota: Motar da ta sauke shanu ko kaji ba ta ɗaukar gyada sai an wanke ta ta bushe.

Wannan ba batun lafiya kaɗai ba ne, har da na ciniki. Tarayyar Turai ta tsananta binciken riɗin Nijeriya a bakin iyakarta saboda yawan samun salmonela a ciki. Kwantenar da aka mayar, asararta tana gangarowa har kan manomin Jigawa.

Duk yadda aka kiyaye, mai sana'a ya ɗauka cewa ɗanyar gyada tana iya ɗauke da ƙwayar cuta. Da wannan zato ake tsara sauran aiki.

5. MATAKIN KISA

A duk aikin gyada akwai wuri guda da ake kashe ƙwayoyin cuta: suya, gashi ko tafasawa. Abu biyu ne ke yin aikin tare, wato yawan zafi da tsawon lokaci. Wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci tana ƙona bayan gyada ta bar cikinta ɗanye.

Masana'antu suna auna wannan da lissafi. Bayan ɓarkewar salmonela sau biyu daga 'ya'yan itacen almon, a 2001 da 2004, an wajabta wa masu almon na Kalifoniya tun Satumban 2007 su bi da kayansu ta hanyar da za ta rage ƙwayoyi 10,000 su koma 1. Sun gwada sun tabbatar cewa minti 2 a cikin mai mai zafin digiri 127, ko minti 2 a ruwa mai zafin digiri 88, yana rage 100,000 su koma 1. Waɗannan alƙaluman na almon ne. Mai masana'antar gyada sai ya sa an gwada injinsa da irin kayansa. Amma a lura da yadda zafi mai danshi ya yi aikin da digiri kaɗan.

Mai suya a gida ba ta da ma'aunin zafi, amma tana da hanyoyi:

a) Kada a cika kasko. A raba suyar kashi-kashi.
b) A bar yashi ko kasko ya yi zafi kafin a zuba gyada.
c) A riƙa juyawa ba tsayawa, domin zafi ya game.
d) A ɗebi gyada daga wurare daban-daban a fasa. Idan cikin wata fari ne mai laushi, suya ba ta yi ba.
e) A duba agogo, a san mintocin da suya mai kyau ke ɗauka a wannan kasko, a tsaya a kansu ko da ana sauri.

AKWATI NA 2: MUHIMMAN KALMOMI
Matakin kisa: wurin da ake sa zafi isasshe na lokaci isasshe domin kashe ƙwayoyin cuta.
Sake gurɓata: komawar ƙwayar cuta cikin abinci bayan an riga an kashe ta.
Kashin aiki: yawan kayan da aka sarrafa a lokaci ɗaya, da kayan aiki ɗaya.

6. BAYAN SUYA: INDA AKA FI YIN SAKE

Da zarar an sauke gyada daga wuta, duk abin da ya taɓa ta yana iya dawo mata da cuta, kuma sau da yawa babu wata wutar a gaba. Saboda haka a raba wurin aiki gida biyu: ɓangaren ɗanya da ɓangaren soyayya. Ko tsakar gida ɗaya ce, a ware kusurwa biyu. Kaya su riƙa tafiya daga ɗanya zuwa wuta zuwa soyayya, ba sa komawa baya.

Kayan aiki: Faifai da tire da mudu da kwanon da suka taɓa ɗanya ba sa taɓa soyayya. A sa musu alama, misali jar roba ta ɗanya, shuɗiya ta soyayya.

Ƙura: Ƙurar ɓara da sheƙa tana ɗauke da ƙwayoyi. Kada a baza soyayyar gyada ta huce a inda iska ke kaɗo wannan ƙura.

Hannu: A wanke da sabulu na daƙiƙa 20 bayan fitowa bayi, bayan yi wa yaro tsarki, bayan taɓa ɗanyar gyada ko kuɗi. A bari hannu ya bushe sarai kafin a koma aiki. Mai zawo ko amai ba ya aikin abinci sai ya warke.

Baki: Ba a hure ɓawon gyada da baki, ba a hura leda domin ta buɗe.

Kwalba: Tsohuwar kwalba sai an wanke ta da ruwan zafi da sabulu, an kife ta ta bushe ƙayau. Ɗigon ruwa a gindin kwalba ya isa ya ɓata gyadar da ke ciki.

MISALI NA 2: Ranar ƙuli-ƙuli

Wata mai ƙuli a Zariya tana aiki da 'yarta. Sun soya gyada, sun murje, sun kai inji. Da suka dawo, uwar ta zuba markaɗen a turmi tana ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa har mai ya fito. La'asar ta yi.

"Inna, na gaji. Mu rufe tunkuzar nan mu soya da safe mana."

"A'a 'yar nan. Ruwa ya riga ya shige ta, ba ta kwana. Hura wuta."

Uwar ta yi daidai. Mu bi aikin daki-daki. Suyar farko ta kashe ƙwayoyi. Injin unguwa, wanda aka markaɗa ɗanyen kaya a cikinsa, yana iya dawo da su. Ruwan da aka zuba wajen tatsar mai ya ba su danshi. Idan tunkuza ta kwana, sun samu dare guda na haihuwa. Suyar ƙulin a mai ita ce matakin kisa na biyu, don haka a yi ta a ranar, a bar ƙulin ya soyu har ciki.

Saura yaji. Idan aka daka ƙulin da barkono da citta, babu sauran wuta. Haka za a barbaɗa shi a tsire ko a dafaffen ƙwai a ci. Ke nan turmi da taɓarya da rariya dole su kasance masu tsabta kuma busassu. Barkonon da aka shanya a ƙasa shi ma yana iya ɗauke da salmonela, don haka a ɗan gasa kayan yajin a kasko kafin a daka.

7. TSABTA BA TARE DA JIƘA WURI BA

A wurin busasshen abinci, yawan kwara ruwa yana iya zama illa. Ruwan da ya kwanta a lungun inji, ya haɗu da ragowar markaɗe, wurin haihuwar bakteriya ne. Saboda haka:

a) Tsabtar kullum ta zama busasshiya: a kankare, a goge da buroshi, a share.
b) Ranar wankin inji, a kwance sassansa, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya kowane sashe ya bushe kafin a ɗaura.
c) A gyara yoyon rufi kafin damina. Kayan da ruwan rufi ya zuba a kansu bayan suya ba na sayarwa ba ne, domin rufi matattarar kashin tsuntsaye ce.
d) Tsumma mai danshi ba ya goge tiren soyayya.

8. RUBUTU, LAMBA DA HUKUMA

Kowane kashin aiki a ba shi lamba ko kwanan wata, a rubuta a jikin leda da cikin littafi: daga wa aka sayi gyadar, yaushe aka soya, wa aka sayar wa. Mai yin ƙuli kwana biyar a mako, idan aka kawo mata ƙorafi kuma ledar tana da kwanan wata, kayan rana ɗaya za ta janye. In babu, sai na mako duka.

Manyan masana'antu suna kai samfuri ɗakin gwaji. Ƙa'idar ita ce a riƙe kaya har sakamako ya fito. Idan ya nuna akwai salmonela, ba a sake gwaji domin neman sakamakon da ake so. Ƙwayar ba ta bazuwa daidai cikin kaya, cokali ɗaya yana iya ɗauke da ita na kusa da shi babu. Gwaji ɗaya da ya ce akwai ya rinjayi goma da suka ce babu.

A Nijeriya, abincin da aka ƙunshe domin sayarwa a kantuna yana buƙatar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993.

MISALI NA 3: Mai yaji a Greensboro

Wata baiwar Allah 'yar Nijar da ke zaune a Greensboro tana son ta riƙa yin soyayyar gyada da yaji a gida tana kai wa kantunan 'yan Afirka da masu rumfa a tsakiyar birni. A jihar Karolina ta Arewa, Ma'aikatar Gona ce ke zuwa ta duba ɗakin girkin mai irin wannan sana'a kafin ta fara sayarwa, kuma ba a amincewa da gidan da ake ajiye kare ko kyanwa a ciki. Dole takardar jikin kayan ta faɗi abin da ke ciki, ta kuma bayyana cewa akwai gyada, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar ta, kaɗan ma tana iya toshe musu numfashi. Tana iya neman shawara a sashen wayar da kan manoma na Jami'ar A&T da ke gabas da tsakiyar birnin, jami'ar da masananta suka yi bincike a kan rage sinadarin da ke jawo wannan borin jiki.

Ɗakin girkinta ƙarami ne, ba ya rabuwa gida biyu. Sai ta raba aikin da lokaci: ta gama duk aikin ɗanya da safe, ta goge teburi ya bushe, ta wanke hannu, ta sauya ƙyallen gaba, sannan ta fito da soyayya. Ba ta yanka ɗanyar kaza a ranar ƙunsa kaya. Ƙa'idar da ke aiki a Zariya ita ce ke aiki a Greensboro.

9. HAƊARI NA BIYU: FUMFUNA

Fumfuna ba bakteriya ba ce, amma mai gyada ba zai bar ta a baya ba. Wani nau'inta yana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano gubar ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 daga cin abincin da aka haɗa da garin gyada. Tana lalata hanta, tana jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B.

Bambancin da za a riƙe shi ne: wuta tana kashe bakteriya, amma suyar gida ba ta kawar da wannan guba. Maganinta busarwa da wuri, ajiya a busasshen wuri, da tsince baƙa da ruɓaɓɓiya da ƙanjamammiya. Abin da aka tsince ba a yin ƙuli da shi, ba a ba yara, ba a ba saniyar tatsa, domin gubar tana fita a nono. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona domin rage wannan fumfuna.

AKWATI NA 3: MUHIMMAN KALMOMI
Fumfuna: tsiro mai kama da gari ko auduga da ke fitowa a abincin da ya sha danshi.
Afulatoksin: gubar da wata fumfuna ke bari a gyada da masara, suya ba ta kawar da ita.
Janye kaya: dawo da abinci daga kasuwa saboda an gano yana iya cutarwa.

TAƘAITAWA

1. Bushewa tana hana salmonela ƙaruwa, ba ta kashe ta.
2. A ɗauka cewa ɗanyar gyada tana iya ɗauke da cuta.
3. Suya sai da zafi isasshe da lokaci isasshe.
4. Ɗanya da soyayya ba sa haɗa wuri, kwano ko hannu.
5. Gyadar da ruwa ya taɓa, a kai ta wuta a ranar.
6. Gubar fumfuna sai tsincewa da busarwa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Waɗanne abubuwa uku bakteriya ke buƙata kafin ta hayayyafa? Wanne busasshiyar gyada ta hana ta?
2. Faɗi dabbobi huɗu da ke iya kawo salmonela wurin shanya.
3. Idan akwai ƙwayoyi 50 a ƙullun gyada, suna ninkuwa duk minti 20, nawa za su zama bayan awa 2?
4. Me ya sa tunkuza ba ta kwana?
5. Me ya sa yaji ya fi ƙuli-ƙuli buƙatar kulawa?
6. Wane laifi ne ya fi girma a abin da kamfanin da ke Blakely ya aikata?
7. Gaskiya ko ƙarya: gyadar da ta yi fumfuna, idan aka soya ta sosai ta zama lafiya. Kawo dalili.
8. Ɗakin girkinki ƙarami ne. Ta yaya za ki raba ɗanya da soyayya?

AIKIN GIDA

Ku kasu uku-uku, ku ziyarci mai ƙuli ko mai injin markaɗe a unguwarku, bayan kun nemi izini cikin ladabi. Ku zana hanyar da gyada ke bi tun daga buhu har leda. Ku sa jar alama a matakin kisa, ku sa baƙar alama a duk inda ruwa ko hannu ko ɗanyen kaya ke taɓa soyayya. Ku kawo zanen aji mako mai zuwa.

Ɗalibai masu wannan sana'a, kada ku jira sai kun sayi sabon inji. Ku fara da ware kwano biyu, da tamfol na shanya, da littafin rubuta kwanan wata. Yawancin masu cin abin da kuke sayarwa yaran unguwa ne, kuma lafiyarsu amana ce a hannunku.